Wasiƙa daga Gadarif: zan je Sinnar ni kaɗai

Gadarif, Sudan.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da kai da uwargida da yara da su Baba da duk mutanen Sakkwato. Yaya makaranta, yaya ɗalibai? Na san yanzu hunturu ya kankama a wajenku. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana nan da sauƙi, ciwon ƙafar ne dai yake tashi in gari ya yi sanyi. Saƙonninka na murya duk sun iso, na kuma ji ƙorafinka cewa na yi shiru. Wuta da intanet a nan yau akwai gobe babu. Ban da haka ma, maganar da ke bakina ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na yanke shawarar zuwa Sinnar, kuma ni kaɗai zan tafi. Da zarar hada-hadar riɗi ta lafa a kasuwar amfanin gona, maigidana ya rufe lissafin kaka, zan kama hanya in Allah ya yarda. Ina so in je in dawo kafin azumi, tun iska tana da sanyi, ƙasa kuma a bushe take.

Ka tuna lokacin da muke karatu a Jami'ar Afirka a Khartum, ka taɓa tambayata daga wane gari kakannina suka taso a ƙasar Hausa? Na ce maka daga gabashin Kano, ka ce gabashin Kano ai ƙasa ce guda. Har yau iyakar abin da ke hannuna ke nan. Abin da aka tabbatar mana a gida shi ne mahaifin kakana yana cikin talakawan da suka bar gonakinsu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ka fi ni sanin sauran: Burmi, watan Yuli na wannan shekarar, inda Sarkin Musulmi ya yi shahada da ɗimbin mutanensa. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka yi ta gabas, a ƙasa, da jakuna da mata da goyo, har suka iso bakin Baharul Azraƙ, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Suka fara sauka a ƙauyen Shaikh Ɗalha, daga baya suka haye yamma da kogin suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu kaɗan da Sinnar. Kakana a goye ya yi wani sashe na wannan tafiya. A Mai Wurno ya yi wayo, a nan ya yi karatun allo.

Na riske shi yana tsoho tukuf, ni kuma ina ɗan ƙarami. Abin da ya fi zama mini a rai game da shi kafaɗarsa ce ta dama. In ya tuɓe riga zai yi wanka, sai ka ga wata kanta baƙa, mai kauri, kamar gwiwar raƙumi. Nakan sa yatsa in danna, ba ya ko ji. Wai tun yana saurayi ya same ta, wajen dakon dutse lokacin da ake gina madatsar ruwan Sinnar, wadda mutanen nan ke kira Khazzan. Da kuɗin dakon da na tsinkar auduga a Jazira, yankin noman da ke tsakanin Baharul Azraƙ da Farin Nilu, ya yi niyyar ƙarasawa Makka, kamar dubban mutanenmu da suka yada zango a ƙasar nan da nufin su tara guzuri su wuce. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, layin dogo ya iso Gadarif, ya biyo shi neman ƙasar noma. Hajjin sai da furfura ta fito ya samu yi.

Gafakarsa tana wurin Inna. Alƙur'ani ne rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, baƙaƙen da tawada baƙa, wasulla da ja, hamza da ɗorawa, irin rubutun allonmu na gida wanda Larabawan nan ba su iya karantawa sai da ƙyar. A bayan warƙar ƙarshe akwai sunaye a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da wani hannu daban. Na sama suna fitowa sarai. Na ƙasa ruwa ya taɓa su, tawadar ta baje. A gefe akwai kalma guda da nake kyautata zaton sunan gari ce, harafin farko da na ƙarshe kawai suka tsira. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya cike wannan gurbin, ita ce Goggo, babbar 'yar kakana, wadda aka aurar a Mai Wurno ta zauna can. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, amma jikanta ya ce mini a waya hankalinta garau yake, har yanzu takan jero sunayen mutanen da suka mutu tun kafin a haifi babana. Lokacin da faɗan sojan Sudan da dakarun RSF ya matso kusa da su a 2024, wata da watanni ba mu san ko tana raye ba. Da aka samu layi na ji muryarta, a ranar na ƙudura wannan tafiyar. In Goggo ta rigaye ni, an rufe wannan ƙofar har abada, ni da 'ya'yana sai dai mu ci gaba da cewa gabashin Kano.

To amma ba zan wuce Sinnar a mota in tsaya kallonta ta taga ba. Tun muna makaranta garin yake raina. Duk tafiyata daga Gadarif zuwa Khartum, in mun haye gadar Hantub muka shiga Wad Madani, mota sai ta karkata arewa, hanyar Sinnar kuwa ga ta nan ta yi kudu, tafiyar kilomita wajen 100 kacal. Ban taɓa bin ta ba.

Bari in tuna maka wane gari ne wannan, don na san ku a can an fi ba ku labarin Mahdi da Omdurman. A 1504 Amara Dunƙas ya kafa daular Funj, bayan rushewar Soba, hedikwatar daular Kiristocin Alwa, yana ƙawance da Abdullahi Jamma'a, shugaban Larabawan Abdallab. Ka lissafa ka gani, shekara 300 cif ke nan kafin hijirar Shehu zuwa Gudu. Sinnar ce ta zama fadar wannan daula, wadda ake kira Salɗana Zarƙa, kuma ta daɗe tana juya ƙasar da ke tsakanin Baharul Azraƙ da Farin Nilu har zuwa arewa mai nisa. Ayarin fatake na tashi daga cikinta zuwa Masar, zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, zuwa Gondar ta Habasha. Wani likita Bafaranshe mai suna Poncet da ya ratsa ta a 1699 ya ƙiyasta mutanenta sun kai 100,000. Ko da ya yi ƙari, ka san ba ƙaramin birni ya gani ba. A 1744 rundunar Sarki Badi Abu Shulukh ta karya sojojin Habasha da suka kawo mata hari. Daga 1762 sarautar ta zama ta suna kawai, iko ya koma hannun waziran Hamaj, rigingimun cikin gida suka cinye ta. Da Isma'il Basha, ɗan Muhammad Ali na Masar, ya iso da rundunarsa a 1821, sarki na ƙarshe miƙa wuya ya yi ba tare da yaƙi ba. A lokacin Shehu bai fi shekara huɗu da rasuwa ba, Muhammadu Bello na kan gadon Sakkwato.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta ba yaƙe-yaƙen ba ne. A zamanin Funj ne malamai da shehunan ɗariƙa suka bazu a ƙasar nan, sarakuna na ba su filaye, suna kafa halwa, wato tsangaya, suna kunna wutar karatu da dare, suna ciyar da almajiri da baƙo. Har a Azhar akwai ruwaƙin da ake kira da sunan Sinnar, masaukin ɗaliban da suka fito daga nan. Mahajjatan da suka taso daga Borno da ƙasar Hausa, suka ratso Wadai da Darfur da Kurdufan, a irin waɗannan halwoyin suke samun tabarma da ƙwaryar abinci kafin su ƙarasa bakin teku. A ganina wannan ne ya sa mutanen Mai Wurno suka iya zama a wurin. Ba jeji suka faɗo ba, ƙasa suka tarar wadda ta saba da baƙon da ya zo daga yamma da allo a rataye. A 2017 an ba Sinnar laƙabin babban birnin al'adun Musulunci na wannan shekarar, aka yi ta taruka da jawabai. Na so a ce an ba wannan hanyar mahajjatan da mutanenta haƙƙinsu fiye da yadda aka yi, don rabin labarin garin a kanta yake.

Waɗanda suka je sun gaya mini kada in sa rai da ganin fada ko ganuwa. Tsohon birnin yana arewa kaɗan da garin yanzu. Ya riga ya lalace tun zamanin Turkawa, mayaƙan Mahdi suka ƙarasa shi a 1885. Abin da ya saura tuddai ne, da gutsattsarin jan bulo, da sakaina a warwatse, kogi kuma yana ta cin gaɓa kowace damina. Garin da ake kira Sinnar a yau a Makwar ya tashi, ƙauyen da aka gina madatsar. Duk da haka zan je tuddan nan da sassafe, in taka su da ƙafata, in ga ta ina kogin ya ɓullo, ta ina ya lanƙwasa, in gane dalilin da ya sa sarakuna suka zaɓi wannan gaɓar. Irin wannan ba a samunsa a littafi.

Daga nan sai Khazzan. An gama ta a 1925, tsawonta ya ɗan haura kilomita uku, da dutse aka gina ta, mota da jirgin ƙasa duk ta kanta suke hayewa. Daga jikinta babbar tura, wato magudanar ruwa, ta fita ta shayar da gonakin Jazira. Turawan Ingila sun yi ta ne don masaƙunsu su sami auduga, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma yau shekara ɗari ke nan miliyoyin mutane na cin tuwo daga ruwanta, kuma cikin duwatsun nan akwai waɗanda suka hau kafaɗar kakana. Sunayen injiniyoyi da kamfani suna cikin littattafai, na masu dako babu. Ina so in tsaya a wurin in yi masa addu'a, shi da abokan aikinsa. Waya kuwa ba za ta fito daga aljihuna ba a wajen, don a halin da ake ciki ɗaukar hoton gada ko madatsa neman fitina ne, kuma jami'an da ke gadin wurin suna da hujjarsu.

Game da hanya, biyu ce. Akwai ta kwalta: Gadarif zuwa Faw, zuwa Madani, sannan kudu ta Hajj Abdullah da Wad al-Haddad har Sinnar. Akwai kuma ta ƙasa, ta Hawata da Dindir, wadda mutane suka koma bi lokacin da dakarun RSF, waɗanda muke kira 'yan Da'ama, suka riƙe Madani daga Disambar 2023. Da suka kama Jabal Moya da Sinja a tsakiyar 2024, Sinnar ta zama kusan a kewaye, abinci da magani suka yi wuya, har aka yi wa kasuwarta luguden wuta a watan Satumba, mutane da dama suka rasu. Garin dai bai faɗi ba. Soja suka karɓe Jabal Moya a Oktoba, Sinja a Nuwamba, Madani kuma a Janairun 2025. Tun daga nan motocin haya suka dawo kan kwalta. Ita zan bi. Zan tashi da motar asuba don in isa da sauran rana, ba na son duhu ya same ni a hanya. Direbobin da ke kawo mana kaya su ne jaridata, kullum ina tambayarsu yadda hanya ta kwana, kuma ranar da zan tashi ma sai na sake tambaya. In suka ce a dakata, zan dakata.

Shingayen bincike suna da yawa, kuma namiji shi kaɗai wanda ba ɗan yankin ba ya fi shan tambaya. Na tanadi katin ɗan ƙasa mai raƙam waɗani, wato lambar zama ɗan ƙasa, da takardar shaida daga wurin aiki, da wata daga dattawan unguwarmu, da lambar jikan Goggo wanda zai amsa in an kira. Ka san yadda abin yake ga irinmu. An haifi ubanka a nan, an haifi kakarka a nan, amma da an ji sunan kabila sai a sake duban takardar. Ba na shiga musu da kowa a kan hanya, amsa gajeriya, fuska a sake. Gafakar ma ba zan ɗauka ba, kada a zazzage warƙoƙin a bakin titi. Na ɗauki hoton shafin sunayen na buga a takarda, tunda Goggo ba gani za ta yi ba, ni zan karanta mata tana gyara mini.

Kuɗi yawanci a Bankak, manhajar banki ta waya, zan bar su, da shi ake biyan kusan komai yanzu, amma in layi ya ɗauke sai ka tsaya da hannu biyu, don haka zan riƙe 'yan takardu sababbi, irin waɗanda aka canja a ƙarshen 2024, na raksha, wato keke mai ƙafa uku, da mai shayi. Gidan sauro yana cikin jaka, da maganin zazzaɓi, da ƙwayoyin tsarkake ruwa, saboda kwalara ta yi ɓarna a jihohin nan tun da yaƙi ya lalata famfuna. Komai zafi ba zan shiga ruwan tura ba, tsargiya ta yi yawa a magudanan Jazira. Daren farko a lokanda, wato ƙaramin masauki, kusa da kasuwa zan kwana, angarib, gadon igiya, da bargo sun ishe ni. A Mai Wurno kuwa maganar masauki ba ta taso ba, jikan Goggo ya ce an riga an share ɗakin baƙi. Tsarabar da na haɗa mata man riɗi ne na matsar gargajiya, da sukari, da ganyen shayi, da bun na jabana, wato gahawa, da tobe fari, lulluɓin matan nan. Fulatanci ya fi yawa a garin, nawa kuma bai wuce gaisuwa ba, amma da Hausa da Larabci ba zan ɓata ba. In na je fadar Sarkin Mai Wurno gaisuwa, wanda wajibi ne ga baƙo irina, jikan nata zai yi mini jagora.

Inda aka sha dogon zance shi ne da Inna. Da na faɗa mata, shiru ta yi, ta ci gaba da shafa kisra, wainarmu ta dawa marar kauri, a kan doka, wato kaskonta, sai da ta ɗaga uku sannan ta ce, kudu fa ka ce. Na san abin da take nufi. Ba ta manta da Yulin 2022 ba, lokacin da aka karkashe Hausawa a Rusairis da Damazin kan rikicin ƙasa da neman sarautar gargajiya, aka sake a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Mu nan Gadarif mun fita zanga-zanga, haka Kasala da Khartum. Wasu daga cikin waɗanda suka tsere a zaurenmu suka kwana, Inna ce ta dafa musu, ta ji abin da ta ji daga bakin matan. Ban raina tsoronta ba ko kaɗan. Na yi mata bayani cewa Sinnar jiha ce daban, tsakaninta da Damazin tafiya ce mai nisa, kuma na yi mata alkawari ba zan wuce Mai Wurno ba, ko Sinja ba zan leƙa ba duk da ina son ganin lambunan ayaba da mangwaron da ake ba da labari. Ta ce to in tafi da ƙanena. Nan ne na roƙe ta ta bar ni.

Kai ma na san haka za ka ce, don haka ga dalilina. Na farko, gidan ba zai zauna ba namiji ba, kuma kuɗin mota ya ninka ba sau ɗaya ba. Amma babban dalilin Goggo ce. Tsohuwa ba ta ba da irin wannan labarin a zama ɗaya, ba ta kuma bayar da shi ga taro. In mun je mu biyu mun zama baƙi, za a yanka mana kaza, a yi ta gaisuwa, maƙwabta su cika ɗaki, kwana biyu ƙanena ya fara duban agogo saboda shagonsa. In ni kaɗai ne, bayan kwana kaɗan an daina ganina baƙo. Sai in zauna a bakin gadonta bayan sallar asuba, lokacin da take jan carbi, in bar ta ta fara daga inda ta ga dama, ta yi nisa ta dawo, ta maimaita abin da ta faɗa jiya da wani ƙari. A cikin maimaicin nan sunan garin zai fito, in zai fito. Ina so in ji waƙoƙin da uwarta ke yi mata a bakin turmi, in ji wa ya mutu a hanya, a ina aka binne shi. Wannan aikin mutum ɗaya ne mai haƙuri wanda ba wanda ke jiransa a waje. Daga ƙarshe Inna da bakinta ta ce zumunta a ƙafa take, ta sa mini albarka, da sharaɗin in kira ta kowace magariba, in babu layi in aiko da saƙo ta hannun direba.

Yanzu ga abin da nake nema a wurinka. Ka daure ka je Wurno, tunda ba ta da nisa da ku, ka ɗauko mini hoton hubbaren Sarkin Musulmi Bello da na garin, da na Hubbaren Shehu a nan Sakkwato. Dattawan Mai Wurno suna ambaton wuraren nan kullum, da yawansu kuma ba su taɓa ganinsu ba, zan so in nuna musu. Na biyu, ka tambayar mini cikin malaman tarihi na wajenku ko akwai wanda ya bi diddigin garuruwan da mutane suka fi tashi lokacin hijirar Attahiru, musamman ta ɓangaren Kano da Haɗeja da Katagum. Zan turo maka hoton shafin sunayen, ka duba kalmar nan ta gefe, kai da ka fi ni sabawa da rubutun ajami, wataƙila idonka ya kama abin da nawa ya kasa. In Goggo ta faɗi sunan garin, kai ne mutum na farko da zan sanar, kuma ka shirya, don kai zan aika ka je ka gano mini ko akwai sauran danginmu a can.

Ka turo hotunan da wuri, kafin in tashi, saboda ban san yadda layi zai kasance a can ba. Ka sa ni a addu'a, ka kuma roƙa mini su Baba su sa baki. Ka gaida uwargida da yara, ka gaida abokan karatunmu da kuke haɗuwa. Inna da maiɗakina da ƙanena duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka,
amininka na Gadarif.